Sabuwar a-kori-kura tana karkarwa: taya ce, farfela ce, ko giya?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan sabuwar a-kori-kura da ke jijjiga mai ita. Ta farko ce za ta ci mana lokaci, domin amsarta ta shafi sauran.

"Wata uku ke nan da na sayi a-kori-kura sabuwa dal. Da na kai gudun kilomita 95 zuwa 110 sai kujera ta kama rawa. Sau uku dila yana yi wa tayoyin balansin, ba ta sauya zani ba, yanzu kuma sun ce wai haka irin motar take. Abokina ya ce in cire tayoyin kamfani in sayi wasu da kuɗina. In saya?"

Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Motar tana cikin garanti, kuma ranar da ka ɗaura mata tayoyin da ba na kamfani ba, ka miƙa wa dila hujjar da zai fake da ita. Balle ma har yanzu ba wanda ya tabbatar tayar ce. Wataƙila an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kowace jijjiga tana da kiɗanta, kuma kiɗan ne ke tona asirin mai laifi. Ɗauki taya mai lamba 265/70R17, wadda ake yawan gani a irin waɗannan motoci. Kewayenta kusan mita biyu da rabi ne, saboda haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kamar sau 11 a daƙiƙa. Wannan girgiza ce da ido ke gani: madubi na kaɗawa, kujerar da ba kowa a kai tana rawa. Farfela kuwa, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksul na baya, ta fi taya saurin juyi ninki uku zuwa huɗu. In lissafin aksul ɗin 3.73 ne, tana yin juyi kusan 41 a daƙiƙa. Wannan ba rawa ba ce, tsuma ce da gurnani, ka ji ta a tafin ƙafa da cikin kunne. Yadda ka siffanta taka ya fi kama da ta taya, ta baya ma, tunda a kujera kake ji. Da ta gaba ce, sitiyari ne zai riƙa kaɗawa a hannunka.

Ga gwajin da za ka yi ba da ko sisi ba. Samu miƙaƙƙiyar hanya mai santsi wadda ba cunkoso. Kai gudun da rawar ke farawa, sai ka sauke giya ɗaya ba tare da ka rage gudun ba. Injin zai ƙara kuka, amma taya da farfela suna nan a juyinsu na ɗazu. In rawar ba ta canza ba, to ba laifin injin ba ne. In ta ɓace ko ta sauya salo, to matsalar tana ɓangaren injin ko giya, kuma ko sau goma a yi balansin aikin banza ne. Akwai manhajojin waya da ke auna yawan bugun jijjiga a daƙiƙa. Ɗora wayar a daɓen motar, wani ya duba maka lambar kana tuƙi. In ta nuna 11 ko kusa da haka, ka samu shaidar da za ka kai wa dila.

To me ya sa balansin sau uku bai yi magani ba? Domin injin balansin na yau da kullum nauyi kawai yake aunawa, yana juya tayar a iska. Taya tana iya zama daidai a nauyi amma wani ɓangarenta ya fi saura tauri, ko ita ko wilin ba su cika da'ira sosai ba. Duk lokacin da wurin nan mai tauri ya taka kwalta sai ya ɗan tunkuɗa motar sama, kuma duk dalmar da mai balansin zai manna wa wili ba za ta gyara wannan ba. Abin da ke kama shi shi ne injin da ke danna wani nadin ƙarfe a jikin tayar da nauyin ɗaruruwan kilo yayin da take juyawa, kamar tana kan hanya. Wanda aka fi sani na kamfanin Hunter ne na Amurka. In ya gano wurin, sai a sassauta tayar a juya ta a kan wili yadda tudunta zai haɗu da kwarin wilin. Jan ɗigon da ake gani a gefen sabuwar taya wannan tudun yake nunawa, rawayan kuma inda ta fi rashin nauyi. In bayan juyin lambar awon ba ta sauko ba, tayar ce mai aibi, kuma canza ta haƙƙin mai sayarwa ne. Ka nemi a buga maka takardar awon kowace taya.

Abu biyu kuma masu sauƙi da ake yawan tsallakewa. Kamfanoni kan cika tayoyi da iska fiye da kima kafin a yi jigilar mota, dila ne ya kamata ya rage kafin ya miƙa makulli, wani lokaci kuma a manta. Duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka auna da safe tayoyin na sanyi. Na biyu, motar da ta daɗe a ajiye tayoyinta kan shafe a inda suka zauna. Yawanci wannan na warwarewa bayan tafiyar kilomita 20 ko 30. In taka ta fi tsanani da safe sannan ta lafa, shi ne. In wata uku ba ta lafa ba, shafewar ta zauna ke nan.

Maganar "haka irin motar take" tana da gwajinta ita ma. Ka ce a ba ka wata irinta sak daga cikin waɗanda ke wurin, ku hau hanya ɗaya da babban bakanikensu a gefenka. In ita ma tana yi, sun yi gaskiya. In ba ta yi, a kwance tayoyinta huɗu da wilinsu a ɗaura wa taka na awa ɗaya. Rawa ta tafi, magana ta ƙare a kan taya. Rawa tana nan, sai a koma kan farfela, kuros ɗinta, wato gaɓoɓin da ke bakinta biyu, da aksul. Ban san wani gwaji da ya fi wannan yanke gardama ba, kuma dilan da ya ƙi yarda da shi ya gaya maka wani abu game da kansa.

Duk zuwan da ka yi, ka karɓi takarda mai kwanan wata da lambar maleji, a rubuta kukanka da kalmominka: gudun kaza, a kujera, a kan hanya mai santsi. A Amurka jihohi suna da dokokin da ke tilasta wa kamfani karɓar sabuwar mota ko musanya ta in an yi ta gyara abu ɗaya ya ƙi, galibi bayan yunƙuri uku ko huɗu, ko in ta kwana kusan 30 a gareji. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko'ina takarda ake fara tambaya.

"Tawa otomatik ce. Ina tafiya a hankali, kamar kilomita 50 zuwa 80, ƙafata a kan totur kaɗan, sai ta yi ɓari na 'yan daƙiƙu kamar na hau gargada, alhali hanyar sumul take. In na taka sosai sai ta daina. An ce in canza shakazoba."

Ɗan'uwa, shakazoba bai san ko ka taka totur ko ba ka taka ba. Abin da ke zuwa da tafiya bisa motsin ƙafarka, a layin injin da giya yake.

Wanda na fi zargi shi ne kwambata, tulun man nan da ke tsakanin injin da giyabos a motar otomatik. A cikinsa akwai wani ƙaramin kuloci da ke kamawa in mota ta daidaita a tafiya, domin a rage shan mai. Motocin yanzu suna sa shi ya kama tun a ƙaramin gudu, yana ɗan zamewa da gangan. In man giyar bai dace ba, ko lissafin kwamfutar bai zauna ba, sai ya riƙa kamawa yana saki da sauri. Shi ne gargadar da kake ji. Gwada wannan: da ɓarin ya fara, sauke giya ɗaya da hannu, ko ka danna maɓallin jan kaya in motarka na da shi. In ya ɗauke nan take, ka kusa kama ɓarawon.

Ba baƙon ciwo ba ne. Kamfanin General Motors ya sha ƙorafi a kan giyabos ɗinsa mai giya takwas da ke cikin Chevrolet Silverado da GMC Sierra tun daga ƙirar 2015, kuma maganin da ya umarci dilolinsa su yi shi ne a wanke tsohon man giyar a zuba wani sabon nau'i. Na kawo wannan ne don ka san kamfanoni kan aika wa dilolinsu sanarwar gyara a kan matsalar da ta yawaita. Tambayi naka ko akwai irin wannan sanarwa a kan lambar shasin motarka. Kada kuma ka zuba wani maganin kwalba a man giya kana cikin garanti.

In injinka mai silinda takwas ne, akwai mai laifi na biyu. Wasu suna kashe silinda huɗu in ba a buƙatar ƙarfi, kuma a lokacin ana ɗan jin tsuma da gurnani. Wannan kam halin motar ne, muddin bai kai ga ɓari ba.

"Na sayi tawa don aikin gona, amma yawanci ba kaya nake yawo da ita. Bayanta sai tsalle take kamar doki, musamman a hanyar kankare. In sayar in sayi wata?"

'Yar'uwa, kafin ki yi asarar sayar da sabuwar mota, ɗora mata kaya na kilo 150 zuwa 200 daidai saman tayoyin baya, ki ɗaure su tamau, ki sake bin hanyar. In ta natsu, lafiyarta ƙalau. Sifirin ɗin bayanta na faifan ƙarfe ne da aka yi don ya ɗauki kusan tan guda, to in ba kaya ba abin da zai lanƙwasa shi. Hanyar kankare kuma tana da gaɓoɓi a tazara ɗaya, in bugunsu ya dace da tsawon motar sai dogon shasin ya kama lilo. Ƙara gudu ko rage shi kaɗan kan kashe lilon. Duba takardar ƙofa ma, domin wasu motocin suna da awon iska biyu, na kaya da na wofi.

In kin tabbata tafiyar wofi ce rayuwar motar, to a saye na gaba ki duba masu sifirin mai murɗe a baya, irin Ram 1500 tun daga 2009, Toyota Tundra daga 2022, da wasu Nissan Navara masu ƙofa huɗu. Sun fi laushi.

Akwai dai girgiza ɗaya da ba a yi mata haƙuri. In kin taka rami kina gudu sai sitiyari ya kama fizga hagu da dama da ƙarfi, bai daina ba sai kin kusa tsayawa, wannan daga ƙafar gaba ne, kuma an fi saninsa a manyan a-kori-kura masu aksul guda a gaba. Ranar da kika ga haka, a hankali za ki kai ta gareji, kada ta sake hawa babbar hanya sai an duba ƙarafan sitiyarin.

"Mako mai zuwa zan karɓi tawa. Ina so dila ya ɗaga ta ya sa mata manyan tayoyi kafin in ɗauka. Me zan duba?"

Malam, tun ran gini tun ran zane. Tuƙa ainihin motar da za ka biya, ba ta gwaji da ke bakin ƙofa ba, domin biyu 'yan gida ɗaya sukan bambanta. Ka yi aƙalla minti 20, rediyo a kashe, ka kai gudun babbar hanya ka daɗe a kai. Ka taka birki a hankali daga babban gudu: in feda ko sitiyari ya yi bugu a lokacin kawai, faifan birki ne, sau da yawa tsatsar ajiya. Ka tashi daga tsaye da ɗan ƙarfi ka ji ko ƙasan kujera zai yi makyarkyata, alamar kusurwar farfela ke nan. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya: 2423 na nufin an ƙera tayar a mako na 24 a shekarar 2023, sai ka san tsawon zamanta.

Ɗagawar kuwa, ni dai da za ka ji tawa, ka jinkirta. Kuros biyu na farfela suna soke rawar juna ne in kusurwarsu ta yi kusan daidai, kuma ɗaga mota na ɓata wannan lissafin sai an sake saita aksul. Manyan tayoyi masu ƙaton zane sun fi nauyi, sun fi wuyar balansin, ga gurnani. In an yi duka biyu kafin ka taɓa tuƙa ta, ranar da ta fara rawa ba mai iya cewa daga kamfani ta zo da ita ko daga gyaran ne. Yi kilomita dubu biyu ko uku da ita yadda ta fito. In har lokacin kana son ɗagawar, dila ya rubuta maka a takarda abin da garanti zai ci gaba da ɗauka da abin da zai saki, da sa hannunsa, kafin a kwance noti ko ɗaya.