Amsa ga mai Fijo 504 da giya ta biyu ke masa gurnani da safe

Salamu alaikum ɗan uwa. Ka ce tun da bakanike ya juye maka man giyabos ya zuba mai kauri mai lamba 140, giya ta biyu ke ƙin shiga da safe, sai ta yi "karrr" kafin ta zauna, kuma mai shago ya ce ka sayi wani ƙarin sinadari ka tsiyaya a ciki. Wallahi ciwon nan na san shi, duk wanda ya riƙe 504 a garin Jos ya san shi. Kada ka sayi komai tukuna. Ka sauke man nan.

Giyabos ɗin 504 mai giya huɗu, wato BA7, ba man giya mai kauri kamfani ya rubuta masa ba. Baƙin man inji ne, 10W-40, wajen lita 1.15 kacal. In ba ka samu ba, 15W-40 ya yi. Wasu na zuba 20W-50 saboda zafin Abuja, amma kai da kake tayar da mota cikin sanyin Disamba a Jos, mai ɗan ruwa-ruwa ya fi maka. In ka fi son ainihin man giya, nemi 75W-80 mai alamar GL-4.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu zuba 140 ɗin nan. Sun san abin da suke yi. Boris ya fara kuka, ko sil na yoyo, maimakon a gaya wa mai mota gaskiya sai a ɗura masa mai kamar kunun kanwa don ƙarar ta lafa, a karɓi kuɗi, a ce Alhaji an gama. Har akwai masu dama giris a ciki! Mota ta yi shiru sati biyu, mutum na ta sa albarka, ashe ciki na cin kansa. Mai kauri ba ya saurin kaiwa ƙananan boris in yana da sanyi, kuma ba ya matsawa daga tsakanin zoben tagulla da jikin giyar da zai kama. Ranar da aka buɗe, shi wanda ya zuba ɗin ne zai fara cewa ai motar ce ta tsufa, a nemo giyabos ɗan Kwatano. Ya ci kuɗin juye, ya ci kuɗin sauke giya, ya ci la'adar kayan. Allah ya isa kawai.

Zoben tagullar nan da ake kira sinkiro shi ne kan maganar. Aikinsa ya kama giya ya daidaita gudunta kafin haƙora su haɗu, don haka gogayya yake buƙata, ba santsi ba. Shi ya sa sinadarin da aka tallata maka, in mai ƙara santsi ne irin su moli ko Teflon ko wanda ake sa wa aksul mai LSD (irin wanda ke rage zamewar taya ɗaya), ƙara maka ƙarar zai yi. Haka ma man giya mai alamar GL-5: sinadarin sulfa da fosfaras da ke cikinsa ya kusan ninka na GL-4, an yi shi ne don haƙoran aksul, kuma idan ya ɗau zafi, kamar a ce ka taso da kaya kana hawan Hawan Kibo, ba ya shiri da tagulla. Na zamani sun rage wannan cin, amma santsin na nan. Aksul ɗinka na baya kuwa shi 80W-90 GL-5 yake so, can ne wurinsa. Masu tsohuwar 404 salun su yi hattara, aksul ɗinsu mai dunƙulen tagulla ne, kada GL-5 ya kusance shi.

Kuma a daina auna mota da mota. Volkswagen kunkuru 80W-90 GL-4 take sha, lita 2.5 wajen juye, don giya da aksul ɗinta a haɗe suke. Mercedes W123 mai giyar hannu jan mai ATF, wato man giyar atomatik, ne nata. Amma bakanike ɗaya, jarka ɗaya, kowa ya zo a ɗura masa.

Wajen juyen, ka zaga da motar kamar minti 15 man ya saki jiki, ka ajiye ta a wuri mai daidai. Fara kwance notin gefe na zubawa kafin na ƙasa, don in ka tsiyaye mai na gefe ya ƙi kwantuwa ka shiga uku. Tari man a farin kwano ka kai shi rana. Baƙin gari mai laushi ba komai ba ne. In ka ga ƙyalƙyali ruwan zinari, tagullar ce ke cinyewa. In ka ji gutsattsarin ƙarfe a yatsa, magana ta wuce ta mai. Zuba sabo har ya fara dawowa ta ramin gefe, ka tsaya nan, ƙari yoyo yake jawowa. Sa sabuwar washa ta jan ƙarfe. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 ka sake juyewa don ragowar 140 ɗin ya fita. Man kuma ka saya a rufe, ka tsaya a buɗe shi a gabanka, masu cika tsohuwar roba sun yi yawa.

Af, ka gwada wannan ma. Mota na tsaye inji na aiki, taka kuloci har ƙasa, ƙirga biyar, sa ribas. In ya yi ƙara, kulocin ne ba ya saki gaba ɗaya, sai ka duba man da ke tukunyarsa da silindar ƙasa, ko iska ta shiga. In ribas ya shiga lafiya, an kuma canza mai sau biyu amma ta biyu na nan da halinta, zoben ya riga ya cinye, sai an sauke an sa wani. Kafin nan ka riƙa taka kuloci sau biyu, ka ɗan dakata a furi kafin ka tura ta.