Zan iya sakin gidan haya in koma motar tafi-da-gidanka ina ciniki a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio da takardar girinkad, ni da maiɗakina, yara duk sun girma sun kama gabansu. Sana'ata sayar da man kaɗe, turare, atamfa, shadda da jakunkunan fata. Rabin cinikina a kasuwannin intanet na eBay da Etsy nake yi, rabi kuma a bukukuwan 'yan Afirka lokacin zafi. Kuɗin haya ya ishe ni. Ina tunanin in saki gidan in sayi motar nan da Amurkawa ke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki, mu riƙa zagaya jihohi ina sayar da kayana. Zai yiwu kuwa? Me ya kamata in sani kafin in zuba kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yiwu, akwai masu yi, wasunsu ma sun shekara da shekaru a kai. Amma ga abin da nake so ka riƙe tun kafin ka je kallon mota: kai da maiɗakinka ne za ku yi yawo, ita kuwa sana'ar dole a sama mata mazauni. Tana bukatar adireshi ɗaya tsayayye, da wurin ajiyar kaya da ba ya motsi, da jihar da za ta amsa sunanta a wajen masu haraji. Fataken da suka riƙa kai kaya daga Kano zuwa Salaga su dawo da goro, kowannensu yana da maigida a zango, wanda ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a gaban masu saye. Irin wannan maigidan za ka fara nema, mota daga baya.

Mu fara da adireshi, domin komai a kansa yake rataye: lasisin tuƙi, rajistar mota, inshora, asusun banki, rajistar kamfani. A dokar Amurka ko a ƙarƙashin bishiya kake kwana, akwai jiha ɗaya da ake ɗauka ita ce gidanka. Yawancin masu zaman mota ɗayan jihohi uku suke zaɓa, Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu, saboda ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na jiha, kuma sun yarda da adireshin kamfanonin da ke karɓar wa mutum wasiƙa su tura masa duk inda yake. Sanannen cikinsu shi ne na ƙungiyar Escapees da ke Livingston a Texas, wadda aka kafa tun 1978. Za ka cika takardar gidan waya mai lamba 1583 da ke ba su izinin karɓar wasiƙunka. Sai dai karɓar adireshi kawai ba ya raba ka da Ohio. Sai ka sauya lasisi, ka mayar da rajistar mota, ka sanar da banki, yadda ko an bincika za a ga da gaske ka tashi. Wasu bankunan kuma suna ƙin irin wannan adireshi su ce sai na gida sosai, don haka ka tambayi bankinka tun haya ba ta ƙare ba. Kuma tunda girinkad gare ka, doka ta wajabta maka sanar da hukumar shige da fice ta USCIS sauyin adireshi cikin kwana 10. Kada ka yi wasa da wannan, musamman idan kana da niyyar neman zama ɗan ƙasa, domin wasiƙar da ta ɓata a wannan ofis tana iya jawo maka jinkiri mai tsawo.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a shirin naka, wato loda kaya a cikin motar. Kowace irin wannan mota tana da takarda manne a kusa da ƙofa ko cikin kabad da ke nuna iyakar nauyin da za ta iya ɗauka bayan nauyin kanta. A ƙanana da matsakaita, sau da yawa bai kai tan ɗaya ba. A cikinsa za ka cire nauyin ku biyu, da tufafi, da tukwane, da abinci, da ruwan tanki, wanda kowace lita kilo ɗaya ce, tankin galan 40 kaɗai ya cinye kilo 150. Ka ɗauki turmin atamfa goma a hannu ka ji, sannan ka ƙiyasta ɗari. Motar da aka yi wa lodin da ya wuce ƙa'ida taya take fasawa, birki ya yi zafi a gangaren dutse, kuma idan aka yi hatsari kamfanin inshora ya sami hujjar jan ƙafa. A manyan gidajen man da tireloli ke tsayawa akwai sikelin auna nauyin mota na kamfanin CAT, kuɗi kaɗan ake biya. Duk wanda zai yi wannan rayuwa ya saba da hawansa.

Ga kuma zafi. Man kaɗe ɗumin jikin mutum ma narkar da shi yake yi, balle motar da aka rufe aka bari a rana a Texas cikin watan Yuli. Idan ya narke ya sake daskarewa a hankali, sai ya yi tsaki-tsaki a hannu. Bai lalace ba, amma matar da ta buɗe robar ta shafa ta ji ɓurɓushi ba za ta tsaya jin bayaninka ba, ƙorafi za ta rubuta a Etsy kowa ya gani. Turare shi ma ƙamshinsa na sauyawa da zafi, fata kuma idan ta sha laimar Florida sai ta yi fumfuna.

Saboda haka shawarata ka raba kayan kashi biyu. Na cinikin intanet su zauna wuri ɗaya: ko ɗaya daga cikin yaran ya riƙe su a gidansa ka riƙa biyansa ladan kowane ƙunshi da ya aika, ko ka ba kamfanonin da sana'arsu ke nan, ajiye kayan 'yan kasuwa da aikawa da zarar oda ta shigo. Kai aikinka daga cikin mota shi ne ɗaukar hoto, sa farashi, amsa saƙon kwastoma da lissafi. A motar kuwa ka ɗauki abin da za ka iya sayarwa a biki biyu ko uku masu zuwa kawai, idan ya yi ƙasa a turo maka wani. Gidan waya yana da tsarin da ake aiko wa baƙo saƙo da sunansa zuwa ofishin garin da ya sauka, su riƙe masa har kwana 30, amma ba kowane ofis ke yi ba, sai ka kira ka tabbatar. Idan ka dage sai kai da kanka za ka riƙa aika oda daga kan hanya, to ka ƙara kwanakin da ka yi alkawarin aikawa a shafinka na eBay, domin rana ɗaya ta ɓacin mota ta isa ta zubar da kimar da ka daɗe kana tarawa. Ka tuna kuma turaren da ke da sinadarin alkwahol gidan waya ba ya ɗaukarsa ta jirgin sama, sai ta ƙasa.

Haraji kashi biyu ne, kuma mutane suna cakuɗa su. Na farko harajin sayarwa, wanda mai saye ke biya kai ka tara wa jiha. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, ta ba jihohi damar tilasta wa ɗan kasuwar da ba ya cikinsu ya karɓa musu wannan haraji idan cinikinsa a jihar ya kai wani adadi, galibi dala 100,000 a shekara. Kai da wuya wannan ya shafe ka, kuma abin da ka sayar ta eBay da Etsy su ne ke karɓa su biya. Abin da ya shafe ka shi ne ranar da ka kafa rumfa da jikinka a wata jiha. Daga wannan rana kana cikinta, ko na dala 50 ka sayar, kuma kana bukatar izinin sayarwa na jihar, wasu suna bayar da na wucin gadi don 'yan kwanakin biki. Jihohi biyar ne kaɗai ba su da wannan haraji a matakin jiha: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon. Mutumin da ya ci kasuwa a jihohi takwas cikin shekara, hukumomi takwas ke jiran takardarsa, wasu ma har da harajin kuɗin shiga a kan ribar da ya samu a ƙasarsu, ko da adireshinsa na Texas ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka taƙaita zagayenka ga jihohi uku ko huɗu da ka san suna kawo kuɗi.

Na biyu harajin tarayya, wanda ka riga ka sani: kashi 15.3 cikin ɗari na mai aikin kansa, ban da harajin kuɗin shiga, ana biya kashi-kashi a tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Inda ake yaudarar mutane a bidiyoyin YouTube shi ne cewa wai tunda kullum kana kan hanya, man mota da kuɗin masauki duk kuɗin tafiyar kasuwanci ne da za a cire daga riba. Hukumar harajin tarayya, wato IRS, ba haka take gani ba. Kuɗin tafiya ana cire shi ne ga wanda ya bar mazauninsa ya tafi aiki wani wuri. Wanda ba shi da mazauni tsayayye, a wajensu duk inda ya tsaya nan ne gidansa, ke nan bai taɓa barin gida ba. Haka ma rangwamen ofis a cikin gida: sai wurin ya zama na aiki kaɗai, teburin da kuke cin tuwo a kai da dare bai cika sharaɗin ba. Kuɗin rumfa, kuɗin aika kaya, kwali, kuɗin ajiya, waɗannan duk ana cirewa, ka adana rasit. Sauran ka zauna da akawun haraji wanda ya saba da masu zaman mota kafin ka sa su a lissafi.

A kan hanyar da za ka bi, kalandar kasuwa ce za ta zana maka ita, ba sha'awar ganin gari ba. Manyan motocin nan galan ɗaya mil 6 zuwa 10 yake kai su. Daga Columbus zuwa Houston ya haura mil 1,100, wajen galan 140 ke nan a tafiya ɗaya. Sai ka lissafa robar man kaɗe nawa za ka sayar kafin ka mayar da wannan. Masu cin riba su ne masu tafiya kaɗan su zauna da yawa, domin kuɗin wuri a wata ya fi na kwana-kwana sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da irin kayanka. Kasuwannin da suka dace da motar tafi-da-gidanka a karkara suke: Quartzsite a hamadar Arizona cikin Janairu, inda dubban masu irin wannan mota ke taruwa, ko kasuwar Canton a Texas da ke ci daga Alhamis zuwa Lahadi kafin Litinin ɗin farko na kowane wata. A can za ka sayar da jakar fata da man kaɗe, amma shadda sai dai a yaba a wuce. Masu sayen shadda da atamfa suna unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York, da Atlanta da Houston, da bikin Odunde na Philadelphia a Lahadi ta biyu ta watan Yuni. Waɗannan kuwa su ne wuraren da babbar mota ta fi shan wahala. A kewayen New York akwai hanyoyi masu gajerun gadoji da aka hana ta bi, hanyoyin mota na ƙarƙashin ruwa a Baltimore suna da ƙa'ida mai tsauri kan tukunyar gas, wurin ajiye ta kuma sai can bayan gari. Shi ya sa ga mai sana'arka na fi son ɗakin da ake ja da a-kori-kura a kan motar da ke haɗe da gidanta. Ka kwance ɗakin a masauki, ka loda kaya a a-kori-kurar ka shiga gari. Kuma ranar da inji ya lalace, ita kaɗai za ta kwana a gareji, ku kuna da wurin kwana. Mai haɗaɗɗiyar mota idan ta shiga hannun bakanike, gidansa da shagonsa da abin hawansa duk sun tafi lokaci ɗaya, ga jiran kayan gyara yakan ɗauki makonni.

Abubuwa biyu na doka da ba a cika faɗa ba. Inshorar motar zama ba ta rufe kayan sayarwa. Idan aka fasa aka kwashe ko gobara ta tashi, ba za su biya ko turmi ɗaya ba sai kana da inshorar kasuwanci daban, kuma yawancin masu shirya biki ma sai sun ga takardarta kafin su ba ka rumfa. Sannan motar da nauyinta da na abin da take ja ya kai fam 10,001, wato wajen kilo 4,500, idan tana ɗaukar kayan kasuwanci daga jiha zuwa jiha, tana iya shiga dokar motocin kasuwanci ta tarayya da ke bukatar lambar rajistar ma'aikatar sufuri, wato USDOT. Ka bincika wannan da nauyin motar da kake shirin saya a hannu. Kada kuma ka ɗauka za ka baza kaya a duk inda ka sauka: yawancin masaukai sun hana, filayen gwamnatin tarayya na hukumar BLM da ake zama kyauta har kwana 14 su ma sayarwa a cikinsu sai da izini.

Intanet shi ne mafi sauƙi yanzu. Layi biyu na kamfanoni daban, misali Verizon da T-Mobile, sun isa a yawancin wurare. Idan za ka daɗe a hamada ka ƙara da intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink. Na'urar karɓar kati irin ta Square kuwa ka riga ka saba da ita a rumfa.

Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka saki gidan a bana. Ka ɗauki hayar irin motar na wata ɗaya a tsakiyar lokacin bukukuwa, ku fita da maiɗakinka, ka rubuta duk dalar da ta fita: mai, masauki, gas, wanki, kuɗin rumfa, izini. Ka haɗa da abin da biyan bashin mota da inshora da ajiyar kaya za su ci a wata, ka ajiye shi kusa da kuɗin hayarka na Columbus. Ka bincika inshorar lafiyarku ma, domin da yawa a jihar da aka yanke su kaɗai suke aiki in ba larurar gaggawa ba. Kuma ka saurari Hajiya da kyau bayan watan nan. Ita ce za ta yi girki a kicin ɗin da mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki, ita ce za ta bar maƙwabta da 'yan'uwan da take zuwa suna da biki wurinsu, ga masallacin Juma'a da shagon naman halal a wasu yankunan sai an yi tafiyar awa biyu ko fiye. Idan ta ce wata huɗu a hanya ta yarda amma shekara cur ba za ta iya ba, to ku nemi ƙaramin gida mai arha a bayan gari, ya zama adireshi da sito, ku riƙa fita daga Mayu zuwa Satumba. Allah ya sa albarka a nema.