Amsa ga ɗana a kan neman asalin gidanmu

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗinsa ƙwarai. Ka ce wani abokinka ya buga salsalar gidansu a babbar takarda, suna bayan suna har zuwa Uƙubatu ɗan Nafi'u, jagoran rundunar Musulmi a Arewacin Afirka a farkon Musulunci, kai ma kana son a yi wa gidanmu irinta, ta koma baya shekara 600 ko 700. Ka kuma tambaya yadda magabata suke bin wannan al'amari. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka rubuta.

Neman sani dai ba laifi ba ne, umarni ma aka yi da shi. Ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa mu koyi abin da za mu sada zumunta da shi daga nasabarmu. Amma a gefe guda akwai gargaɗi mai tsanani a Buhari da Muslim ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Tsakanin waɗannan biyun malamanmu suka tsaya. Kai, nasabar Annabi ma, sallallahu alaihi wa sallam, wadda babu wadda aka kiyaye kamarta, malamai sun haɗu a kanta ne zuwa Adnan, daga nan zuwa sama suka ce akwai saɓani. Idan a nan aka yi irin wannan taka-tsantsan, ina ga tamu?

Fara da sanin cewa birnin Sakkwato yaro ne a cikin birane. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa shi, bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804 da faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Kusan duk gidan da ka gani a cikin gari daga wani wuri ya taso: Gobirawa, Zamfarawa, Kabawa, Adarawa, Sulluɓawa, Toronkawa, Zabarmawa, Barebari, Nufawa. Saboda haka tambayar farko ba "wane ne kakanmu na ashirin" ba ce, a'a, "daga ina muka zo, a zamanin wane sarki, da wace sana'a". Sunayen unguwanni ma suna ba da labari, dubi Gidaɗawa da ta samo suna daga Waziri Giɗaɗo.

Mu abin da muka riƙe da tabbaci, in an fara ƙirga daga mahaifinka, suna bakwai ne. Na bakwai ɗin shi ne wanda aka ce ya shigo daga ƙasar Gobir a zamanin Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Sunayen nan na ji su daga bakin kakanka, na kuma gan su a rubuce. Akwai Alƙur'anin hannu a tsohuwar gafakar da ke ɗakin Gwaggo, fatarta ta yi baƙi don shafa. A warƙar ƙarshe wanda ya kwafe shi ya rubuta sunansa da na ubansa da na kakansa, ya roƙa musu gafara. A ƙasan wannan kuma wasu hannuwa daban-daban, da tawada daban-daban, sun riƙa ƙara haihuwa da rasuwa da ajami, wani da shekarar hijira, wani kuwa sai dai ya ce shekarar yunwa ko shekarar zuwan Nasara, wato 1903. In ka ɗaga takardar ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta, irin takardar Italiya da fatake suke kawowa ta hamada. Wannan warƙa guda ta fi mini duk wata takarda mai ado da za a buga a shago, domin wanda ya rubuta ta ya san mutanen da yake ambata.

Daga na bakwai zuwa sama ba mu da sunaye. Muna da labarin cewa mu Gobirawa ne, tsagar fuskar kakanka ta shaida haka, wasan taubasantaka da muke yi da Yarbawa ma ya shaida. To a nan ne mutane suke zamewa. Sai mutum ya ce tunda mu Gobirawa ne, bari in ɗauko jerin sarakunan Gobir in liƙa a saman sunan kakana, in bi ta kan Bawa Jangwarzo in wuce har Birnin Lalle, tsohon mazaunin sarakunansu. Gobir ba sarakuna kaɗai ke cikinta ba. Akwai maƙera, da majema, da manoma, da malamai, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Sannan jerin sarauta ba jerin uba da ɗa ba ne. Dubi nan gida: bayan Bello ƙanensa Abubakar Atiku ya hau a 1837, sai Aliyu Babba ɗan Bello a 1842, sai Ahmadu ɗan Atiku a 1859. Wanda ya karanta jerin nan a matsayin haihuwa ya mai da ɗan'uwa ɗa, ya mai da ɗa jika. Haka yake a Kabi tun daga Kanta a ƙarni na 16, wanda kufan birninsa na Surame yake nan har yau.

Akwai gidajen da suka kai zamanin da kake nema, ba na musun wannan. Gidan Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansa, shi ne misalin da kowa ya sani. An haife shi a Maratta a 1754, kuma an kiyaye cewa shi ɗan Muhammadu Fodiyo ne, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, a haka har zuwa Musa Jakollo, wanda ya jagoranci jama'arsa daga Futa Toro zuwa ƙasar Ƙonni wajen ƙarni na 15. Me ya sa tasu ta tsira? Domin gidan alƙalami ne tun fil'azal, kuma Malam Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello sun rubuta, daga baya Waziri Junaidu ya tattara a Tarihin Fulani. Duk da haka in ka gwada kwafe-kwafen za ka tarar sunayen can sama suna ɗan sauya wuri daga wannan zuwa wancan. Maganar Uƙubatu kuwa labarin asalin kabilar Fulani ne gaba ɗaya. Shi ya rasu a 683, tsakaninsa da Musa Jakollo kusan shekara 800 ke nan. In ka lissafa shekara 30 ga kowane uba, ana bukatar sunaye fiye da 25 don cike wannan tazara. Ka ƙirga na takardar abokinka cikin ladabi, ba don ka kunyata shi ba. Nasaba kamar igiyar guga take, inda taka ta tsaya nan ruwanka yake, in ka ƙulla ta maƙwabci kuwa kowa zai ga ƙullin.

Yanzu ga yadda za ka yi. Ka fara da kanka ka hau sama, kada ka fara da wani babban suna ka gangaro kana neman inda za ka shiga. Kuma ka fara da mata. Maza sun riƙe layin uba kawai, amma tsofaffin mata su suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka kai Gwadabawa, wane ne ya tafi Makka a ƙasa ya zauna Sudan bai dawo ba. Sai dai ka san alkunya. Gwaggo ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Za ta ce "malam", ko "mai gidan nan", ko ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Kada ka matsa mata. Ka tafi da wata jikarta wadda suke wasa, ita za ta faɗi sunan, Gwaggo ta gyaɗa kai. Ka kuma kula da laƙabi, domin a gidanmu Muhammadu ya fi a ƙirga, kuma ana maimaita sunan kaka ga jika. In ba ka rubuta laƙabin kowa da sunan mahaifiyarsa ba, mutum biyu za su zame maka ɗaya, ko ɗaya ya zama biyu. Kowane suna ka rubuta a gefensa wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Abin da maroƙi ya jero a wurin biki ka saurara, wani lokaci yana riƙe da kirarin da gida ya manta, amma aikinsa yabo ne, sai ka nemi shaida ta biyu.

Bayan gida, ka je Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, suna da rubuce-rubucen hannu da wasiƙu. A Kaduna akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke, masu bayanin yadda aka kafa ƙauyuka da waɗanda suka riƙe su. Gwajin jini na zamani da ka ambata zai iya nuna maka yankin da jininka ya fi kama da shi, amma suna ko guda ba zai ba ka ba.

Akwai abin da nake son ka shirya wa zuciyarka. Wanda ya tona asali zai iya tarar da baiwa a cikin kakanninsa mata, ko wanda aka kamo a yaƙi aka 'yanta, ko wanda ya musulunta da girmansa. Wannan ƙasa ta ga jihadi da hare-hare da cinikin bayi, kuma sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, ba a ɓoye ba. In ka koma baya uba ashirin, ta uwa da ta uba, lissafi ya haura mutum miliyan ɗaya, ka ga babu yadda za a yi dukansu su zama 'yan sarauta. In ka tarar da irin wannan ka rubuta shi da mutunci, ka yi musu addu'a kamar sauran. Na wasu gidaje kuwa, in ya faɗo a kunnenka garin bincike, ka bar shi a cikinka, domin irin wannan magana ta sha raba auren da aka riga aka sa rana.

A takardar taka ka ja layi bayan suna na bakwai. A ƙasan layin ka sa abin da muka tabbatar, a samansa ka rubuta "an ce", sannan ka kawo labarin Gobir yadda aka ba mu shi. In bincikenka ya samo na takwas da hujja, sai mu matsar da layin.

Kada ka jira sai ka gama karatu, ƙarfin Gwaggo yana raguwa. Ka zo hutun nan, ka riƙo mata goro da turare, ka zo da wayarka mai ɗaukar murya, amma ka nemi izininta kafin ka kunna. Da hantsi ta fi sakewa da magana. Gafakar kuma ba za ta fita daga ɗakin ba, sai dai ka ɗauki hoton warƙar a gabana, da alwala. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka.