Amsa kan kwale-kwalen fita da iyali: ribiti ko walda?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka samu kwale-kwalen alminiyam na hannu guda biyu a nan jihar Minnesota ta Amurka, duka tsawon ƙafa 16, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya Lund ne mai haɗin ribiti (ƙusoshin da ake daddaƙe fallayen ƙarfe da su), ɗaya Crestliner mai walda, kuma kai da uwargida da yara uku ne za ku riƙa shiga. Kana tambayar wanne haɗin ya fi ƙarko.

Gaskiya ni ba daga nan zan fara ba. Kamfanonin biyu a jihar nan aka kafa su tun shekarun 1940, yanzu ma kamfanin Brunswick ne ya mallake su duka. Ribiti kan saki idan ya tsufa, walda kan tsage idan ta sha duka, kowanne kuma yana gyaruwa. Mai yara abin da zai fara dubawa shi ne zurfin cikin jirgin.

Ka hau kowanne tun yana kan tirelar da ake jan sa da ita a titi, ka tsaya a tsakiya, ka ga inda bangon gefe ya kai maka. Idan a ƙwauri ya tsaya, ka haƙura da shi komai kyansa. Yaro ba ya zama wuri ɗaya a kan ruwa. Da zarar ya ga kumfa ko ganye yana wucewa, zai kwantar da cikinsa a kan gefen ya miƙa hannu, ƙafafunsa su bar ƙasa, kai kuma hannunka na kan inji. Na ga haka a kan nawa yaran, shi ya sa nake nanata wannan. Faɗi ma ka auna shi da awo, don jirage biyu masu tsawo ɗaya na iya bambanta sosai a faɗi, kuma faɗin ne ke hana tangal-tangal idan mutum biyu suka koma gefe guda.

Sai bangon baya inda ake ɗaura inji. Akwai mai tsayin inci 15, akwai mai inci 20. Ka ɗauki mai 20. Idan ka rage gudu farat ɗaya, ruwan da ka taso yana biyo ka ta baya, kuma gajeren bango ta nan yake shan ruwa. Manyan tafkuna irin Mille Lacs iska kaɗan ke tayar musu da igiya, don haka mai tsinin ƙasa da ke yanka ruwa ya fi mai shimfiɗaɗɗen gindi sauƙin zama.

A kusa da wurin tuƙi akwai ɗan allon da doka ta wajabta wa jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba. Shi zai gaya maka yawan mutane, nauyi da iyakar ƙarfin inji. Ka yi lissafi da nauyi, ka haɗa da tankin mai, batir, kular abinci da anga. Idan biyar aka rubuta, ku biyar ɗin da kaya kun cika shi maƙil.

Wani abin da maza ke mantawa: shimfiɗaɗɗen daɓe ya fi benci-benci da sai an tsallaka. Mace mai doguwar riga, riƙe da jariri, tsallaka benci a kan ruwa ba ƙaramar wahala ba ce gare ta. Ka je da ita ta shiga da kanta kafin ka biya.

Tunda na hannu ne, ka kama ƙafar injin ka jijjiga. Idan bangon baya ya motsa, katakon ciki ya ruɓe. Ka tattaka daɓen ko'ina ka ji inda ya yi laushi. Ka nemi a zagaya da ku a ruwa, bayan an fito a cire toshiyar ramin zubar da ruwa da ke baya ka ga yawan ruwan da zai zubo. Ka duba tayoyin tirela ma.

Ka ware kuɗin rigar hana nitsewa a ruwa daidai jikin kowane yaro. A Minnesota dole ne ɗan ƙasa da shekara 10 ya sa ta muddin jirgi na tafiya, kuma dole a cire toshiyar nan duk lokacin da ake jan jirgi a titi. Turo mana awon zurfi da faɗin duka biyun da hoton allon, sai mu duba tare. Allah ya sa a dace.