Filin Inji da Gareji: Tambayoyinku kan tada tsohon babur

Wannan karon saƙonnin masu farfaɗo da tsofaffin babura ne suka fi yawa, to su na ɗauko. Na ɗan rage tsawon wasu.

Tambaya: Salam Oga, barka da ƙoƙari. Na gaji Honda CB750 na 1972 a wajen kawuna, ya fi shekara ashirin a ajiye ba a tada shi ba. Ni ba bakanike ba ne, sha'awa ce kawai, ina so in yi masa garambawul da hannuna a hankali. Abokaina sun ce in sauke injin in warware komai in sa sabon fistin da ringi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaji abu mai daraja fa, wannan ne babur ɗin da Honda ta fito da shi a 1969 da silinda huɗu da birkin faifai a gaba, ya rikita kamfanonin Ingila gaba ɗaya. Amma shawarar abokanka kam a'a, tukuna dai. Kada ka kwance ko noti ɗaya na cikin inji sai injin da kansa ya gaya maka abin da ke damunsa, don tsohon inji da aka ajiye sau da yawa lafiyarsa ƙalau a ciki, fetur ne ya bushe ya zama danƙo a kafireta, roba ta ƙage, kwantak ya yi tsatsa, shi ke nan. Kuma a wannan samfurin ba ka iya cire kan injin yana cikin firam, dole sai ka sauke injin ɗungurungum, nauyinsa kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, to ka ga ba aikin da za a shiga don "bari mu gani" ba ne.

Ka cire fulogi huɗun, ka ɗiga bakin mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya injin da hannu a hankali. In ya juya sumul, madalla. In ya cije kada ka hau kik da ƙarfi, ringi ne suka manne da bango, za ka karya su, ka ƙara jiƙa shi ka ƙara haƙuri. Ka zubar da tsohon bakin mai (shi wannan tankin mansa daban yake a gefe, ba a ƙasan inji man ke zama ba, to ka zubar ta wajen biyu, tankin da kuma ƙasan injin), ka canja filta, ka duba man da ya fito da kyau, in ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki to labari ya canja.

Daga nan sai tafet, wato tazarar bawul, inji a sanyi, bawul ɗin shiga 0.05 na milimita, na fita 0.08. Wannan kafin gwajin kwamfireshan, wato matsin cikin silinda, ake yi, don bawul ɗin da ya matse ba ya rufuwa duka, sai agogon ya nuna maka ƙarya ka je ka sayi fistin a banza. Wajen gwajin ka buɗe totur har ƙarshe, mutane da yawa suna mantawa da wannan, ka yi ta juyawa har allura ta daina hawa. Abin da kake nema shi ne silinda huɗun su yi kusa da juna, kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata cokalin shayi na bakin mai ka sake gwadawa, in ta tashi ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gasket ɗin kai. Ni a ganina ma in lambobin ba su yi muni sosai ba, ka wanke tanki da kafireta ka tada shi ya yi zafi sau da dama ka sake aunawa, ringin da ya manne yakan saki da kansa.

In kuma ta kama sai an buɗe, to abu uku zan roƙe ka. Ka nemi littafin gyara na kamfanin tun kafin ka fara. Ka sayi sukudireban JIS, don sukurorin baburan Japan na wancan zamanin kama kawai suke yi da Phillips, ba ɗaya ba ne, shi ya sa kusan duk tsohon Honda za ka tarar an cinye masa kan sukurori. Na uku, ka ɗauki hoton komai kafin ka cire, kayan kowace silinda a ledarsu da lamba, don bawul da roka ɗin silinda ta ɗaya sun saba da mazauninsu, ba a musanya su. Wajen haɗawa kuma ka yi nisa da gam ɗin silikon, akwai wasu ƴan ƙananan ramuka da ke kai mai zuwa kamshaf a sama, ɗan ɓurɓushin gam ya isa ya toshe su, kamshaf ya ci mazauninsa cikin ƴan mintuna.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na yi wa tsohon CG125 borin, na sa sabon fistin da ringi, amma har yanzu yana hayaƙi shuɗi. Haushi kamar in jefar da shi wallahi. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Kada ka jefar, ƙanena, CG125 tun 1975 aka ƙera shi musamman don ya jure rashin kulawa, ba zai gagare ka ba. Ka lura da lokacin da hayaƙin ke fitowa. In da safe ne da ka tada shi sai ya washe bayan ɗan lokaci, ko lokacin da ka saki totur a gangara, to mai ne ke sauka ta jikin sandar bawul, wato sil ko gayid ɗin bawul, ba ruwan fistin ɗinka. In kuma lokacin da ka murɗa totur ne yake turnuƙewa, ringi ne.

A ringin akwai tambayoyin da ba ka ba ni amsarsu a saƙonka ba. Ka auna tazarar bakin ringi a cikin silinda kafin ka ɗora shi a fistin? Ƙa'idar da aka saba ita ce wajen 0.1 na milimita a kowane milimita 25 na faɗin silinda, naka ya ɗan wuce 56, ka ga wajen 0.2 ke nan ko ɗan sama. Ka juya harafin da ke jikin ringin ya kalli sama? Ringi na biyu in aka kifa shi, maimakon ya kankaro mai ƙasa sai ya riƙa tura shi sama. Ka rarraba bakunansu ko duk suna layi ɗaya? Sannan mai borin ɗin, ka kai masa fistin ɗin ya auna ya yanka daidai da shi, ko dai cewa kawai ka yi "a yi 0.50"? Fistin ake fara saye, sannan a yi borin a kan girmansa. Kuma bangon silinda ya kamata ka ga siraran layuka masu gicciye juna, su ke riƙe mai su goge ringi ya zauna, in bango ya fito sumul yana sheƙi ringi ba zai taɓa zama ba.

Sai kuma yadda ka lallaɓa shi. Barin sabon inji yana silo a tsaye na tsawon lokaci wai don a tausaya masa kuskure ne, ringi matsi yake buƙata daga bayansa kafin ya manne da bango. Ka hau shi, ka riƙa canja gudu, ka ba shi wuta matsakaici ka saki, ba tare da ka ƙure shi ba kuma ba tare da ka danne shi a babbar giya ba, ka canja mai da wuri a wajen kilomita 500, ka sake duba tafet. In bai kai hakan ba tukuna, ɗan hayaƙi ba abin tada hankali ba ne.

Tambaya: Malam ina aikin Triumph Bonneville na 1966, sifanuna duk ba sa kama notin, ko dai su yi yawa ko su yi kaɗan. Kuma injin yana tashi lafiya, shin dole ne in raba shi biyu?

Amsa: Sifanunka ba su da laifi. Baburan Ingila na lokacin, Triumph da BSA da Norton, ma'aunin Whitworth suke amfani da shi, ba na milimita ba ne kuma ba na incin Amurka ba ne, sai ka nemi saitinsa. Kada ka tilasta wani zare a ramin aluminiyam. Ka kuma sani wayarin ɗinsa na kamfanin Lucas ne kuma kan batir mai alamar tarawa ne ke zuwa jikin firam, akasin abin da ka saba.

Maganar raba inji kuwa, nan kam zan saɓa wa abin da na gaya wa mai Honda a sama. Shi wannan ba shi da filtar mai ta kirki, a cikin karanshaf ɗinsa akwai wani bututu da ke tara dattin mai yayin da yake juyawa, shekara da shekaru yana cika yana taurara, ranar da ya cika tam mai ya daina kaiwa ga boris ɗin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, kuma ba ya sallama, kana cikin tafiya za ka ji ya buga. Ba gwajin da zai nuna maka shi daga waje. In ba ka da tabbacin wani ya taɓa wanke shi, raba shi ka wanke, babur tun na 1966 ba a yi masa zato.

Tambaya: Oga na cire akwatin iyakilina (matatar iska) na Yamaha RD350 na sa ƴan ƙananan filtoci da salansa mai ƙara. Yanzu silo ba ya zama, in na saki totur sai ya daɗe bai sauka ba. Na yi ta juya sukurun kafireta ba canji. Wane jet zan sa?

Amsa: Ka ajiye babur ɗin nan tukuna, kada ka ƙara hawansa da gudu. Abin da ka kwatanta alamar iska ta yi wa fetur yawa ce, kuma a injin tu-sitrok irin RD350 wannan ba wasa ba ne, fetur ɗin yana cikin abin da ke sanyaya kan fistin, in ya yi ƙaranci fistin zai iya hujewa ko ya cije a silinda kana kan titi.

Kuma kowa kafireta yake zarga, baiwar Allah, alhali ita ce ta ƙarshe a layi. Ka fara neman inda iska ke sata. Robar da ke haɗa kafireta da inji takan tsage in ta tsufa. Sil ɗin karanshaf ma haka, na ɓangaren janareta in ya mutu iska yake ja, na ɓangaren kuloci kuma man giya yake ja sai ka ga hayaƙi mai kauri a salansa ɗaya kuma man giya yana raguwa. Babur na 1973 zuwa 1975 da ba a taɓa canja masa sil ba, ni ba na ma tambaya, canjawa nake cewa a yi. Bayan nan tamin ɗin wuta, tazarar kwantak 0.3 zuwa 0.4, wutar kuma ta tashi lokacin da ya rage wa fistin wajen milimita 2 ya kai ƙololuwa, da agogon awo ake sa shi ta ramin fulogi, ba da ido ba, kowace silinda daban. Sannan tsayin fulot a cikin kafireta, sannan ka tabbatar silaid biyun suna ɗagawa tare.

Sai yanzu jet, wato ƴan ramukan da fetur ke bi a cikin kafireta. Sukurun da kake ta juyawa da ƙaramin jet, silo ne kawai aikinsu zuwa wajen kwata na totur. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce ke mulki, in ka sauko da kilif ɗinta ƙasa allurar ta ɗaga, fetur ya ƙaru. Daga nan zuwa ƙarshe babban jet ne. Ba zan ba ka lamba ba don salansa da filta da yanayin iska duk suna canja ta, amma ka fara da babba fiye da yadda kake zato, ya riƙa kakarewa a sama, sannan ka riƙa saukowa mataki-mataki, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kana rubutawa. Ka duba fulogi bayan ka ba shi wuta ka kashe nan take ba tare da ya yi silo ba, ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai, baƙi fetur ya yi yawa, fari fat kuwa haɗari. In ka cire famfon Autolube, wanda ke tura wa injin mai da kansa, kana haɗa mai da fetur a tanki, ka tuna man yana cin gurbin fetur a cikin jet, to sai ka ƙara girma kaɗan.

Ra'ayina dai, in akwatin asalin yana nan ka mayar da shi. Injiniyoyin Yamaha ba don ado suka sa shi ba, kuma akasarin masu cirewa ƙara kawai suke samu, ƙarfin tsakiya ya gudu.

Tambaya: Zan iya sa man mota a tsohon babur?

Amsa: In kulocinka a cikin man inji yake wanka, kamar yawancin na Japan, ka nemi mai rubutun JASO MA a jikin galan. Man motocin zamani da yawa akwai sinadarin rage gogayya a ciki, kuloci zai riƙa zamewa. Kaurinsa kuma ka bi abin da littafin babur ɗin ya ce. In za ka ajiye shi na watanni ka rufe famfon fetur ka zubar da na cikin kafireta, musamman in fetur ɗin mai haɗin etanol ne, don yana jan ruwa kuma yana cin tsohuwar roba.