An Raɗa Mata Hauwa'u, Ni Kuma Amal Nake So a Takarda

Barista, makonni uku ke nan da na haihu, mace. Tun ina da ciki muka tsayar da magana da maigidana cewa Amal za a sa, amma ranar suna sai ya sa aka raɗa mata Hauwa'u, sunan mahaifiyarsa. A katin rigakafi Amal na ce a rubuta. Yanzu ina so in je in yi mata takardar haihuwa da Amal ba tare da ya sani ba. Doka ta ba ni wannan dama?
Daga wata mai jego, Unguwar Sanusi, Kaduna

Barka da arziki, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa. Na ji zafin da kike ji, don saɓa alkawari ba daɗi, balle ga wadda ta sha wahalar watanni tara. Amma ina roƙonki, kada ki je a ɓoye.

A Nijeriya babu jerin sunayen da gwamnati ta halatta ko ta haramta. Sashe na 5 na Dokar 'Yancin Yara ta 2003 cewa ya yi kowane yaro yana da haƙƙin a sa masa suna, ranar haihuwa ko ranar da al'adar iyayensa ta tanada, wato ranar bakwai ɗinmu doka ta san da ita. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar ta kare yara a 2018. Rajista kuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, ƙarƙashin dokar 1992, wadda ta ba da kwana 60 a yi kyauta. Uwa na iya zuwa ta yi, uba ma haka. Saboda haka ma'aikacin ba zai hana ki ba.

Sai dai ku Musulmi ne, kuma in rigimar ta kai kotu, Kotun Shari'a za ta je, irin ta Magajin Gari. Abin da malaman fiƙihu suka tafi a kai shi ne, idan iyaye suka saɓa, uba ne ke da haƙƙin zaɓen suna, tunda da sunansa za a kira ɗan, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta. Inda za ki samu ƙafar tsayawa shi ne idan sunan mummuna ne, domin Annabi (SAW) da kansa ya canja wasu sunaye, kamar Barra da ya mayar Zainab. Hauwa'u kuwa ba alƙalin da zai ce mummunan suna ne.

Abin da ya fi damuna ba kotu ba ne, yarinyar ce nan da shekara goma sha shida. Babanta zai kai ta makaranta ya rubuta Hauwa'u, takardar haihuwa na cewa Amal. Ranar da za ta yi lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, sai a ga mutum biyu. Daga nan sai rantsuwa a kotu, sai cigiya a jarida, sai jeka-ka-dawo a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. A ranar 13 ga Fabrairu, 2020, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon na gwamnan Bayelsa, ana gobe za a rantsar da shi, saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa sun sha bamban.

Mafita tana cikin al'adarmu tun fil azal. Ke da kanki ba za ki iya kiran sunan surukarki gatsal ba, shi ma maigidan da wuya ya iya. Da ma dole a yi mata laƙabi, kamar yadda ake ce wa masu sunan kakanni Ummi, Walida, Abba ko Khalifa. To ga Amal a hannu. Ki zauna da shi, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, ki nemi a haɗa biyun a takarda: Hauwa'u Amal, sannan sunan uba. Doka ba ta hana suna biyu ba. Ya cika burinsa na girmama mahaifiyarsa, ke ma sunan da kike so ya shiga takarda da saninsa. In ya ƙi, ki bar Hauwa'u a takarda, Amal a baki, ai sunan da ake kira a gida shi ke bin mutum.

In kun je rajistar, a asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ku rubuta sunan a takarda da hannunku ku miƙa, kuma ku duba kafin ku baro wurin. Hauwa, Hauwa'u da Hawwa suna ɗaya ne a kunnenmu, amma uku ne a kwamfuta. Sunan uban ma a kwafo shi daidai yadda yake a NIN ɗinsa, in Mohammed ne kada a sa Muhammad. Katin rigakafin kuma ki koma da shi a gyara ya dace da takardar. Kina da sauran kwana kusan 39 kafin wa'adin ya cika.