Me ya sa masu kare teku suke farfasa bushiyar teku da guduma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a YouTube, wasu masu nutso a Kalifoniya sun shiga ƙarƙashin teku da guduma suna ta farfasa wasu halittu masu ƙayoyi, wai suna ceto daji ne. Abin ya ɗaure min kai, kuma gaskiya halittun sun ba ni tausayi. Wane irin daji ne kuma a cikin ruwa? Sannan ta yaya kashe halitta zai zama kare muhalli?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tausayin nan da kika ji yana kan hanya, kar ki yar da shi, domin su kansu masu guduman ba don daɗi suke yi ba. Amma bari mu fara da dajin tukuna, sai maganar guduma ta fito da kanta.

Dajin da suke nufi dajin kelf ne. Kelf wani tsiron teku ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, dangin gansakuka ne amma ƙato, yana fitowa a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a gaɓar tekun wurare masu sanyi kamar Kalifoniya, Alaska, Chile, Norway, Japan, kudancin Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu zuwa Namibiya. Mutane sun fi sanin murjani na ruwan ɗumi saboda shi ake yawan nunawa a talabijin, toh inda ruwa ya yi wa murjani sanyi, kelf ne ke riƙe da gidan. Ba shi da saiwa irin ta bishiya, abin da yake da shi wani dunƙule ne kamar yatsu da yawa da suka damƙi dutse, aikinsa riƙo kawai, abincinsa kuma ta duk jikinsa yake sha daga ruwa. Mafi girmansu yana da 'yan ƙananan balan-balan cike da iska a gindin kowane ganye, su ne ke ɗaga shi ya miƙe tsaye ya nufi hasken rana, yakan wuce mita 30, kuma in ruwa ya yi sanyi ya ƙoshi da taki yana iya ƙara kusan rabin mita a rana guda. In kina ƙasa kika ɗaga kai sai ki ga rana tana ratsowa ta tsakanin ganye, kifaye na wucewa ta tsakanin kara, wallahi daji ne sosai ba kwatance ba.

Ni abin da ya fi taɓa ni ma ba tsayin ba ne, wannan dunƙulen na gindi ne. In igiyar ruwa ta tumɓuke ɗaya ta jefo shi gaɓa, ki ɗauka ki sa a roba da ruwan teku ki ɗan jira. Za ki ga ƙananan ƙaguwa suna fitowa, da tsutsotsi, da 'yan jatan lande, da taurarin teku masu siraran hannuwa kamar zare, duk daga abin da bai fi tafin hannu biyu ba. Masanin halittu Charles Darwin ya ga irin wannan a Tierra del Fuego, can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, a 1834, har ya kwatanta dajin kelf da dazuzzukan ƙasashe masu zafi wajen yawan rayukan da ke rataye a kansa.

Toh halittar da kika ga ana fasawa ita ce bushiyar teku. Kuma ina so ki riƙe wannan da kyau, ba baƙuwa ba ce a Kalifoniya, 'yar gida ce, tun fil azal tana cikin dajin. A zaman lafiya tana laɓe ne cikin tsagar dutse saboda tsoron masu cin ta, tana jiran ganyen da ya karye ya faɗo ta ci, kamar mai shara. Matsala tana farawa ne ranar da mai cin ta ya ɓace. Sai ta fito fili, ta hayayyafa, su taru dubbai suna tafiya a kan dutse, bakinta yana ƙasa da haƙora biyar, kuma ba ganye take hawa ta ci ba, gindin take gwaguya, sai tsiro mai mita 20 ya tsinke ruwa ya tafi da shi. Cikin ɗan lokaci wuri ya koma dutse tsirara sai ƙayoyi iya ganinki.

Waɗanda suka fara nuna wa duniya wannan a fili su ne wasu masana biyu, James Estes da John Palmisano, a 1974, a tsibiran Aleutian na Alaska. Sun duba tsibirin Amchitka inda ota take, wato karen ruwan teku, suka tarar da kelf ya cika ko'ina, suka duba Shemya inda babu ota, suka tarar da bushiya ta shimfiɗe ƙasa. Ota ba ta da kitsen da zai kare ta daga sanyi, don haka kullum sai ta ci kusan kwata na nauyin jikinta, kuma bushiya na cikin abin da ta fi so. Ita kuwa ota masu farautar fata ne suka kusa ƙarar da ita a ƙarni na 18 da na 19, sai a 1911 aka yi yarjejeniyar da ta ba ta kariya.

A arewacin Kalifoniya ota ba ta dawo ba tun wancan lokacin, don haka nauyin ya koma kan wani ƙaton tauraron teku mai hannuwa har 24, faɗinsa kusan mita guda. Sai a 2013 wata cuta ta ɓulla tana narkar da taurarin teku, jikinsu ya yi miki hannuwa su zube, ta kashe sama da kashi 90 cikin 100 na wannan nau'in. Ana cikin haka daga 2014 zuwa 2016 ruwan yankin ya yi wani irin ɗumi da ba a saba gani ba, kelf kuwa ba ya son ɗumi, ga shi ruwan ɗumi ba ya ɗauke da taki. Kinga gobara biyu ke nan a lokaci ɗaya, tsiro ya raunana, mai gadinsa ya mutu. A gaɓar Sonoma da Mendocino sama da kashi 90 cikin 100 na dajin ya tafi cikin 'yan shekaru, abalon, wani babban dodon koɗin teku da ke rayuwa da kelf, ya dinga mutuwa da yunwa har aka rufe kamunsa a 2018.

Yanzu za ki ce toh in abinci ya ƙare ai bushiyar ma sai ta mutu, daji ya dawo. Nan ne gizo ke saƙar. Ba ta mutuwa. Tana iya rage aikin jikinta ta zauna shekara da shekaru tana kankarar dutse, in kika fasa ɗaya daga irin wannan fili za ki ga cikinta kusan fayau, ruwa ne kawai da ɗan baƙin abu, babu ƙwan nan ruwan ɗorawa da ake samu a cikin lafiyayya. Saboda ba komai a cikinta masunta ba sa so, ota ma in tana kusa takan wuce ta ta nemi mai ƙiba. Duk ɗan tsiron kelf da ya leƙo kuma kafin ya kai tsawon yatsa an cinye shi. Yawan bushiyar da ake buƙata a rusa daji yana da girma, amma kaɗan daga ciki sun isa su hana shi dawowa, shi ya sa irin waɗannan filayen a Norway da Japan suka yi gomman shekaru a haka.

Toh aikin guduma ke nan, a rage su ƙasa sosai har tsiro ya samu ya tsaya da ƙafarsa. A Palos Verdes kusa da Los Angeles ƙungiyar The Bay Foundation tana wannan aiki tun 2013, suna rage su zuwa kamar guda 2 a kowace murabba'in mita, ba ƙarar da su suke yi ba, kuma kelf yana dawowa a wuraren da aka share. Don haka amsata ita ce e, kare muhalli ne, amma irin na agajin gaggawa. Mai nutso ɗan fili kaɗan zai iya sharewa kafin iskar tulunsa ta ƙare, gaɓar kuma ɗaruruwan kilomita ce, sannan in babu mai cin bushiya sai an yi ta komawa.

Abin da na fi yarda da shi, kuma nake jin haushin yadda ba a cika nuna shi a bidiyo ba saboda ba shi da armashin kallo, shi ne a mayar da masu cin ta. A Leigh ta New Zealand an hana kamun kifi gaba ɗaya a wani ɗan yanki tun 1975. Ba wanda ya ɗauki guduma. Manyan kifaye da lobsta, wato ƙaton ɗan'uwan jatan lande, suka dawo suka girma har suka isa fasa bushiya, cikin shekaru wajen 20 filayen dutse suka koma daji. Girman yana da muhimmanci ƙwarai, ƙaramin lobsta ba ya iya juya babbar bushiya, kuma manyan ne masunta suka fi kwashewa. A Amurka yanzu ana kiwon wancan tauraron teku a ɗakin bincike na Friday Harbor da fatan mayar da shi.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai inda wannan ma bai isa ba. Gabashin Tasmaniya, wani tsibiri a kudancin Ostireliya, ya rasa kusan kashi 95 cikin 100 na babban kelf ɗinsa, har gwamnatin Ostireliya ta sa dajin cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa a 2012. A can ruwan ɗumi ne da ke gangarowa daga arewa ya ƙara kutsawa kudu, ya kawo wata bushiya mai dogayen ƙayoyi da aka fara gani a gaɓar a 1978, wadda da can sanyin hunturu ke kashe 'ya'yanta. A yammacin Ostireliya kuma zafin teku na 2011 kaɗai ya share kelf a tsawon kusan kilomita 100 kusa da Kalbarri. Wannan ba guduma ba ce maganinsa, maganar ɗumamar duniya ce, abin da masana a Tasmaniya ke yi kafin nan shi ne su nemo 'yan tsirarun kelf ɗin da suka jure zafi su raina 'ya'yansu su sake dasawa.

Tunda tausayi ne ya kawo ki, akwai wata hanya da ina ganin za ta fi kwanta miki. Maimakon a fasa su a bar su a nan, wasu suna kwaso bushiyar da ranta, a zuba a tankuna a ciyar da ita na wasu makonni har cikinta ya cika, sai a sayar, domin a Japan da wasu ƙasashe ƙwanta abinci ne mai tsada. An rage ta a kan dutse, ba ta tafi a banza ba, kuɗin kuma ya biya masu nutso su koma su kwaso wasu. A Tasmaniya ma tuni masu nutso suke kamun mai dogayen ƙayoyin nan don kasuwa, gwamnatin jihar tana tallafa musu.